Birkin tambur na tsoffin motoci: kama da wane ba ta wane

Duk wanda ya tsaya bakin kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a da sassafe, ko kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, ya san irin motocin da ke shigo da arzikin ƙauye cikin birni. Buhunan hatsi da wake a ƙasa, kwandunan tumatir da tattasai a bisa, awaki ɗaure a gefe, mata ƴan kasuwa zaune kan kayansu, karen mota kuma rataye a baya. Gaskiya ne Hilux da Hiace sun karɓe yawancin wannan aiki, amma har yanzu ba a rasa tsoffin gwanaye: Peugeot bashe, 404 ko 504, da Land Cruiser ta da, da Land Rover wadda ta girmi direbanta.

In za a sayi irin waɗannan motoci, ko za a yi hayarsu, inji ake saurare. Yana tashi da wuri? Yana shan mai? Yana jan kaya? Ba kasafai ake tambayar abin da ke tsayar da motar ba. Alhali in inji ya mutu, asarar jinkiri ce: a kwana a hanya, tumatir ya ruɓe, ciniki ya wuce. In birki ya mutu kuwa, ba kaya kaɗai ake asara ba.

Mafi yawan tsoffin motocin nan da birkin tambur suke tsayawa, wasu a ƙafafu huɗu, wasu a na baya kawai. Daga waje duk kamarsu ɗaya: ƙarfe ne zagayayye kamar kwanon tuwo da aka kife bayan taya. Wannan kamar ita ke ruɗin jama'a, har mai mota ya shiga kasuwar kayan gyara ya ce a ba shi “na Peugeot” ko “duk wanda ya shiga”. To, ba duk abin da ya shiga ba ne yake aiki. Cikin tambur kowane kamfani da dabararsa, kuma ko a mota mai suna ɗaya, dabarar takan canza daga shekara zuwa shekara.

Me ke cikin tambur?

Tambur yana juyawa tare da taya. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, waɗanda makanikanmu ke kira mashwar. Su ba su juyawa, suna zaune ne bisa wani faranti da ke kafe a jikin mota. A bayan kowace mashwar an liƙa, ko an kafa da ƙusoshi, wata fata mai tauri, ita ce garnitir, ita ce ke goga tambur. In direba ya taka birki, man birki ya bi ta siraran bututu ya isa wata ƙaramar silinda, silindar ta ture mashwar biyun waje su matse tambur daga ciki, taya ta rage gudu. In ya ɗaga ƙafa, resor ya jawo su su koma mazauninsu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Louis Renault, mutumin Faransa da kamfanin Renault ke ɗauke da sunan gidansu, shi ya fito da birkin tambur irin na zamani a 1902. A farko da waya da sandunan ƙarfe ake jan mashwar. Birki mai aiki da mai kuwa wani Ba'amurke ne, Malcolm Loughead, ya ƙirƙiro shi kafin 1920. Daga baya aka mai da rubutun sunan Lockheed, kuma shi ya sa har gobe a garejinmu ake ce wa man birki lokid. Ba kowa ya karɓi sabuwar dabarar nan take ba: kamfanin Ford bai bar waya da sanduna ba sai 1939.

Misalin sanda

Kafin a gane bambancin motocin, sai an gane abu guda. Ɗauki sanda ka tura ta gabanka, bakinta na ƙasa: za ka ji tana kafewa cikin rairayi, tana neman tsayar da kai. Juya ka ja ta a bayanka: sai ta riƙa sulɓewa, ba ta riƙe komai. Sanda ɗaya, ƙasa ɗaya, amma aikin ya bambanta saboda inda ta fuskanta.

Haka mashwar take. Wadda juyawar tambur ke ƙara cusa ta, ita ce mai kafewa: da ƙarfi kaɗan sai ta ciji tambur sosai. Wadda juyawar tambur ke neman ture ta, ita ce mai sulɓewa: sai an danna ta da ƙarfi kafin ta yi aikin kirki. In mota ta koma da baya, sai su yi musanya, mai kafewa ta zama mai sulɓewa. Duk bambancin birkin tambur daga nan ya taso: mashwar nawa ke kafewa, nawa ke sulɓewa, kuma a wace tafiya.

Gidaje uku

Gida na farko shi ne mafi sauƙi kuma mafi yawa. Silinda ɗaya ce mai baki biyu a sama, ƙasan mashwar biyun kuma na jingine da wani ƙarfe kafaffe. Ɗaya na kafewa, ɗaya na sulɓewa. Ƙarfinsa matsakaici ne, amma gaba da baya duk ɗaya ne gare shi, shi ya sa ake sa shi a ƙafafun baya, inda birkin hannu yake. Alamar wannan gida: garnitir ɗin mai kafewa ya fi saurin cinyewa. In makanike ya buɗe ya ga ɗaya ta fi ɗaya lalacewa, ba lalle ne wani abu ya ɓaci ba, halinsa ke nan.

Gida na biyu yana da silinda biyu a taya ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowace na tura mashwar guda. An jera su yadda duka biyun za su kafe in mota na tafiya gaba. Ƙarfinsa ya fi na farko nesa, don haka ake sa shi a ƙafafun gaba, waɗanda ke ɗaukar mafi yawan nauyi lokacin tsayawa. Amma yana da aibi: in mota na gangarowa da baya, duka biyun sulɓewa suke. Direban da motarsa ta mutu a tsakiyar hawa, ta fara komawa baya da lodi, ya san wannan tashin hankali. Kuma a nan ne kuskure ya fi muni. In aka kwance ƙafafun gaba, aka mai da farantin dama hagu, na hagu dama, komai zai zauna daram, taya ta ɗauru, amma mashwar huɗun duk sun zama masu sulɓewa. Mota ta fita gareji da birkin da bai kai rabin na da ba.

Gida na uku na Amurka ne, kamfanin Bendix ya yaɗa shi, kuma shi ke cikin manyan motocin Chevrolet da Ford na shekarun 1950 da 1960. A nan ƙasan mashwar biyun ba a kafe yake ba, an haɗa su ne da wani ƙarfe mai haƙora da ke lilo tsakaninsu. In ta gaba ta ciji tambur, sai ta tura ta baya, ta baya ta ƙara cizo fiye da ita. Cikin gidajen uku shi ya fi ƙarfi, kuma yana aiki gaba da baya, abin da ya dace da motoci masu nauyi. Sai dai mashwar ɗinsa ba tagwaye ba ne: mai gajeren garnitir gaba take zama, mai dogo kuma baya. In aka juya su, birki ya riƙa fizga, garnitir ya ƙare kafin lokacinsa. Ƙarfinsa kuma shi ne rauninsa: ɗan maiƙo ko ɗan danshi a gefe guda ya isa ya sa mota ta karkace.

Peugeot: suna ɗaya, birki iri-iri

Babu motar da ta yi wa kasuwannin ƙasar Hausa bauta kamar Peugeot. 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, kuma daga 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, inda aka ci gaba da ƙera 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da barinta a Faransa. Saboda haka kayan gyaranta suka cika kasuwa, na asali da na kwaikwayo, na Faransa da na Nijeriya.

404 ta farko tambur gare ta a ƙafafu huɗu. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin ya kawo wani sabon birkin gaba ga wasu daga cikinsu, wanda ya yi wa laƙabi da mai jure zafi. Abin mamaki, da gangan aka jera mashwar ɗinsa biyu su zama masu sulɓewa. Dalili kuwa: mai sulɓewa ba ta da ƙarfin cizo, amma halinta ba ya canzawa sosai in ta yi zafi. Don a cike gurbin ƙarfin, sai aka haɗa shi da wata babbar na'ura mai taimakon ƙafar direba, Hydrovac, wadda ke samun ƙarfinta daga zuƙar iskar inji. Ma'ana, in na'urar ta lalace aka cire ta, kamar yadda akan yi da abin da ba a samu kayan gyaransa ba, ko inji ya mutu a gangare, sai direba ya miƙe tsaye bisa birki kafin motar ta saurare shi. A ƙarshen shekarun 1960 kuma ƙananan 404 suka koma birkin faifai, wato diski, a gaba. Ga mota ɗaya, suna ɗaya, birkin gaba iri uku.

504 ma haka. Ta farko, ta hawan manya, diski gare ta a ƙafafu huɗu. Amma doguwar, mai kujeru layi uku da ake tasha da ita, da bashe mai ɗaukar kaya wadda ta fito a 1979, tambur gare su a baya. Wanda ya ce wa mai kanti “birkin baya na 504” bai faɗi komai ba tukuna. Sai ya faɗi wace iri, ta wace shekara, in da hali ma ya riƙo tsohon a hannu.

Land Rover da Land Cruiser

Tsohuwar Land Rover ta Ingila iri biyu ce, gajera da doguwa. Gajerar, shekaru da yawa, tamburanta inci 10 ne, wato milimita 254, duka na gida na farko. Doguwar kuwa inci 11, wajen milimita 279, kuma na gabanta gida na biyu ne mai silinda biyu. Daga 1980 gajerar ma ta samu manyan tambura a gaba. Wurin saita mashwar ma ya bambanta: ƙaramin tambur wuri ɗaya ake juyawa, babban wuri biyu. Makaniken da ya saba da gajera, in ya saita ɗaya ya manta ɗaya a doguwa, birki zai riƙa nutsewa ƙasa kafin ya kama.

Land Cruiser ta da, jerin 40 da Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, ta fi haka ɗawainiya. Waɗanda aka yi kafin tsakiyar shekarun 1970 silinda biyu gare su a kowace taya, gaba da baya, kowace da wurin saitinta. Silinda takwas ke nan, wurin saiti takwas, kuma babu wanda ke saita kansa. Mai haƙuri ne kawai ke gyara birkinta daidai. Fitar da iska daga bututunta ma aiki ne, don iska na samun lungun ɓuya tsakanin silinda da silinda.

Akwai wani abu da motocin biyu suka yi tarayya a kai, wanda ya kamata kowane karen mota ya sani. Birkin hannunsu ba a taya yake ba. Wani ƙaramin tambur ne daban, a bayan akwatin giya, yana riƙe sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya. Haka yake a tsohuwar Land Rover, haka yake a Land Cruiser ta kafin 1980. In aka ɗaga ƙafar baya guda da kirik don canza taya, birkin hannun ba ya hana motar gangarawa. Dole a sa kal, dutse ko gungume, gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. Kuma ba a jan sa mota na gudu, don yana iya karya ƙarfen ƙafa.

Ƙananan motocin Turai

Volkswagen mai kama da kunkuru, wadda aka haɗa a Legas daga 1975, tambur huɗu gare ta a mafi yawan ire-irenta. Waɗanda Jamus ke fitarwa waje sun samu birkin mai a 1950, amma mai arahar ta ci gaba da waya har 1962. Kowace taya tana da ƙarfe mai haƙora biyu na saiti, ɗaya ga kowace mashwar. Kuma notin da ke riƙe tambur ɗin gaba na hagu, baibai ake kwance shi. Wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, har ya lalata haƙoran.

Citroën 2CV, wadda aka ƙera daga 1948 zuwa 1990, ta saɓa wa kowa. In ka cire tayarta ta gaba ba za ka ga tambur ba sam. Tamburan suna can ciki, manne da akwatin giya, kusa da inji. Birkin hannunta ma ƙafafun gaba yake riƙewa, ba na baya ba, kuma haka tsoffin Renault 4, wato katrel, suke riƙe gaba. Wanda ya ja birkin hannu ya ɗaga gaban irin wannan mota, ya bar ta ba mai riƙo.

Mai ba ɗaya ba ne

2CV ɗin nan ta koya wa makanikai wani darasi. A farkon shekarun 1980 da aka sa mata diski a gaba, sai aka canza mata man birki zuwa wani kore mai suna LHM. Masu tambur kuwa lokid na kowa suke sha. Man biyu ba sa ga maciji: in aka zuba ɗaya a gidan ɗaya, robobin cikin silinda su kumbura ko su narke, birki ya tafi gaba ɗaya.

Ko lokid ɗin kansa yana da hali. Yana tsotsar danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 ko fiye, DOT 4 kuma 230. In ya sha ruwa, ma'aunin na sauka zuwa wajen 140 da 155. In mai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, ƙafar direba ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma ba a sayen wanda aka ɗura a buɗaɗɗiyar kwalba. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa in mai ya ƙare a daji, a digiri 100 yake tafasa, ga shi yana sa tsatsa cikin silinda. Ba man birki ba ne, ko da ya kai mota gida sau ɗaya.

A ƙara da wannan: motoci da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 layin mai ɗaya gare su. Bututu guda in ya fashe, ƙafafu huɗu sun rasa birki lokaci ɗaya. Na baya-bayan nan layi biyu ne, in ɗaya ya tafi ɗaya na nan. Mai tsohuwar mota ya kamata ya san wanne gare shi.

Zafi, ruwa da lodi

Aikin birki shi ne mai da gudu zafi. Tambur kuwa rufaffe ne, zafi ba ya fita da sauri. In ya yi zafi sai ya buɗe, ya nisanci mashwar, garnitir ma ya rage cizo. Masu kuɗi sun nemi magani: kamfanin Buick na Amurka, a ƙarshen shekarun 1950, ya yi tamburan gaba na alminiyom masu haƙarƙari a waje don su sha iska. Turawa kuma suka koma diski, musamman bayan Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, Citroën DS kuma ta fito da shi a 1955. Amma bashe da ke saukowa daga duwatsun Adar, wajen Kaita ko Buza, ɗauke da albasa, tamburanta na baƙin ƙarfe ne. Maganinta ɗaya: a sa ƙaramar giya tun kafin gangare, inji ya riƙe mota, kada a kwantar da ƙafa bisa birki. Kashe inji ko sakin giya a gangare don tattalin mai, caca ce da rayukan mutane.

Da damina kuma ga ruwa. In mota ta ƙetare ƙorama ko gulbi, ruwa da yashi na shiga tambur su zauna. Birki ba ya kamawa sai ya bushe. Direban kirki, da ya fito ruwa, zai tafi sannu yana ɗan taɓa birki har ya ji ya dawo.

Sai lodi, kuma a nan ƴan kasuwa ke da hannu. An ƙera bashe ne don kayan da ba su wuce tan guda da ɗan wani abu ba. Lissafin ba shi da wuya: in nauyi ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ya ninka biyu; in gudu ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Don mota ta ɗauki fiye da ƙima, akan ƙara mata lam a resor ɗin baya. Ƙarin lam na hana mota durƙushewa, amma ba ya ƙara wa tambur faɗi ko da milimita ɗaya. Bugu da ƙari, 504 tana da wata ƴar na'ura a baya mai auna yadda mota ta sunkuya, ta ƙara ko ta rage man da ke zuwa birkin baya. In an taurara resor, mota ba ta sunkuya yadda aka tsara, sai na'urar ta ɗauka babu kaya da yawa, ta tauye birkin baya a daidai lokacin da ake bukatarsa.

“Ai ya shiga”

Kalmar da ta fi cutar masu tsoffin motoci ke nan. Ɗauki silinda. Biyu na iya zama da jiki ɗaya, ramukan ƙusa ɗaya, amma faɗin cikinsu ya bambanta. Mai milimita 22 ta fi mai milimita 19 ƙarfin turi da wajen kashi ɗaya cikin uku. In aka sa babba a dama, ƙarama a hagu, mota za ta riƙa fizgewa gefe duk lokacin da aka taka birki. In aka sa manya a baya inda ƙanana suka dace, ƙafafun baya su riga na gaba kullewa, mota ta juya da gindi, musamman in ba kaya.

Tambur ma yana da iyaka. Duk lokacin da aka kai shi aka sassaƙe cikinsa don ya yi sumul, faɗinsa ƙaruwa yake, kaurinsa na raguwa. Kamfanoni da yawa na rubuta iyakar faɗin a jikin tambur ɗin. In ya wuce nan, ya zama na masu sayen tsohon ƙarfe. Garnitir mai ƙusa kuma a canza shi tun kan ƙusar bai fara yankar tambur ba. Wanda man ƙafa ko lokid ya jiƙa, wanki da fetur ko ƙonawa da wuta ba ya mai da shi sabo, sai dai a sake, a kuma toshe inda man ke yoyo. A motocin da birkinsu ke saita kansa, ƙarfen saitin na dama daban, na hagu daban. In aka musanya su, maimakon su matse sai su riƙa sassautawa.

Akwai kuma lafiyar mai gyaran. Garnitir na da, da wani ma'adini ake yin sa mai suna amiyant, wanda ƙurarsa ke lalata huhu har ta kawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Faransa ta hana shi a 1997, Tarayyar Turai a 2005, amma ba duk ƙasashe suka hana ba, kuma ido ba ya rarrabe mai shi da marar shi. Yaran gareji, waɗanda ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, kada su hure ƙurar tambur da baki ko da iskar famfo. A jiƙa ta, a goge da tsumma, a yar da tsumman.

Abin da mai mota zai tambaya

Ba a ce Alhaji ko Hajiya su zama makanikai ba. Amma wanda ya iya ƙwanƙwasa buhu ya san ko an yi masa algus, ba zai kasa yin tambaya biyar a gareji ba.

Ta farko: Malam, wace iri ce motar nan, ta wace shekara, kuma birkin da ke jikinta nata ne na asali ko an taɓa canza shi? Ta biyu: kayan da za a sa, an gwada su da tsoffin, tsawo da faɗi da lamba? Ta uku: an canza dama da hagu tare? Birki ba a yi masa gyaran gefe guda. Ta huɗu: wane mai aka zuba, daga rufaffiyar kwalba? Ta biyar: an gwada motar a fili, gaba da baya, kafin a ɗora kaya?

Makaniken kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Shi ma ya fi son mai mota da zai biya kuɗin abin da ya dace, da wanda zai ce a lallaɓa. Kuma akwai al'ada mai kyau da tsoffin masu sana'ar ke bi: ba a kwance ƙafafu biyu lokaci ɗaya. A bar ɗaya a ɗaure ta zama abin dubawa. Yanzu da waya ke hannun kowa, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai.

Ke kuma Hajiya da ba motarki ba ce, kuɗin mota kawai kike biya, kina da ido da kunne da hanci. In kin ga direba na taka birki sau biyu ko uku kafin ya kama, in mota na karkata gefe lokacin tsayawa, in kin ji ƙarfe na kukan ƙarfe, ko warin ƙuna bayan gangare, ko kin ga maiƙo na bin cikin taya, ki yi magana. In a kowace tsayawa sai karen mota ya diro da gudu ya jefa kal kafin motar ta natsu, to kal ɗin ne birkin. Ki sauke kayanki. Kasuwa ta mako mai zuwa na nan.

Birkin tambur ba abin raini ba ne. Yana da araha, yana daɗewa, yana riƙe birkin hannu da kyau, shi ya sa Hilux da manyan kamyo ba su rabu da shi ba, har ma Volkswagen ta sa shi a ƙafafun baya na motarta mai aiki da lantarki, ID.3, da ta fito a 2020. Waɗanda suka ƙera 404 da Land Rover sun auna komai: faɗin tambur, girman silinda, inda kowace mashwar za ta fuskanta. Matsalar na farawa ne ranar da aka ɗauko na wata aka sa wa wata, don a rage jikka biyu ko uku. Ba a fafe gora ranar tafiya: a duba birki tun jajibirin kasuwa, ba a kan gangare ba. Allah Ya kai kowa gida lafiya, da shi da kayansa.